Jeremias Gotthelf: Faston da Ya San Gona



Ainihin sunan mutumin da ya tara mu yau Albert Bitzius, amma duniya ta san shi da Jeremias Gotthelf. An haife shi a Murten ta ƙasar Suwizalan a 1797. Ɗan fasto ne, ya kuma gaji mahaifinsa bayan karatu a Bern da Göttingen. A 1831 aka tura shi ƙauyen Lützelflüh a kwarin Emmental, ƙasar shanu da cuku, can ya zauna har ya rasu a 1854.

Sai da ya doshi shekara 40 ya fitar da littafinsa na farko, kuma takaici ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. A zamaninsa hukumar ƙauye kan tara marayu da 'ya'yan matalauta a bainar jama'a. Manomin da ya yarda da kuɗin ciyarwa mafi ƙanƙanta shi ke tafiya da yaro, ya fanshe ladan abincinsa a gona. Irin wannan yaro ne ke ba da labarin kansa a Der Bauernspiegel, wato madubin manoma, na 1837. Sunan yaron Jeremias Gotthelf, sunan da ya bi marubucin har yau. Ku lura, wannan al'ada ta kai cikin ƙarni na 20, sai a 2013 gwamnatin ƙasar ta nemi gafarar waɗanda aka zalunta.

Gotthelf kam wa'azi yake nufin yi. Ku duba Uli der Knecht na 1841: bara ne mashayi, ubangidansa ya yi masa faɗa, ya shiryu, ya yi tanadi, ya auri Vreneli, ya karɓi hayar babbar gona. Da iyakarsa ke nan, da tuni an manta da shi. Amma faston ya san yadda ake tatsa, da yadda barori ke zaman gulma, da yadda uwargida ke juya gida maigida na zaton shi ke mulki. A ganina wannan sanin ne ya rinjayi wa'azin, labarin ya tsira.

Inda ya ƙure gwaninta shi ne Die schwarze Spinne, baƙin gizo-gizo, na 1842. Ana walimar baftismar jariri, wani ya tambayi dalilin wani tsohon baƙin ginshiƙi a cikin sabon gida, sai kaka ya buɗe baki. Wani azzalumin basarake ya tilasta wa talakawansa dasa manyan itatuwa 100 cikin wata guda. Shaiɗan ya zo da kamannin maharbi, ya ce zai yi aikin, ladansa jaririn da ba a yi wa baftisma ba. Maza suka yi tsuru-tsuru, wata baƙuwa mai suna Christine ta ƙulla cinikin, ya sumbace ta a kumatu. Da aka hana shi jaririn, wurin ya kumbura ya zama gizo-gizo, annoba ta faɗa wa shanu, sannan mutane. Tambayata gare ku: laifin matar ne, ko na garin da ya ci moriyar cinikin ya jingina mata?

Gotthelf ba shi da sanyin baki. Ya soki masu tsattsauran ra'ayin sauyi da suka mamaye siyasar Bern, aka sauke shi daga kujerar duba makarantu a 1845, littattafansa na baya kuma suka cika da faɗan siyasa har suna gundurar mai karatu. Yana kuma cakuɗa daidaitaccen Jamusanci da karin harshen Bern, har sai da ya sake gyara Uli a 1846 domin masu karatu na Jamus. Marubuci Gottfried Keller, wanda ba sa ga-maciji da shi a siyasa, ya caccaki ra'ayinsa a sharhi bayan sharhi, amma ya sallama masa a fagen ba da labari.