Aikin leza a ido: abin da ya kamata a sani kamin hunturu ya kama

 

Kun saba jin bakina a kan sha'anin siyasa, yau kuwa maganar ido na zo da ita, domin ta shafe ni. Shekara goma sha biyar na yi da tabarau a fuska. Da na gaji, sai na tara ɗan abin da na tara, na tafi wata ƙasa ta arewacin Afirka aka yi mini aikin da ake kira LASIK. Aikin bai kai rabin awa ba, kashegari kuma ina karanta allon tsallaken titi. Na dawo gida cikin Disamba, hazo ya rufe gari, sai idona ya soma zafi kamar an watsa masa rairayi. Likitan da ya yi aikin yana can nesa, takardar da na sa wa hannu kuwa ban tsaya na karanta ta ba.

Ga dalilin zafin. A gaban ido akwai wani ɓawo garai-garai da likitoci ke kira korniya, cike yake da ƙananan jijiyoyi. Su ne ke jin bushewa, su sa ido ya yi ƙifce, ya kawo hawaye. Likita yakan yanka saman ɓawon nan ya ɗaga shi, ya gyara ƙasansa da hasken leza, sannan ya mayar. Yankan yana tsinka jijiyoyin, hawaye su ragu. Ga mafi yawan mutane abin yakan lafa cikin wata shida zuwa shekara guda, yayin da jijiyoyin ke sake tofowa. Ga wasu kuwa yakan daɗe, har akwai waɗanda zafin ke fitowa daga jijiyar kanta, likita ya duba ya ga ido lafiya lau. Irin waɗannan ba raki suke yi ba.

A Amurka, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta sa an yi bincike, aka buga sakamakonsa a 2017: cikin waɗanda ba su da bushewar ido kamin aikin, har kashi 28 cikin 100 sun koka da ita bayan wata uku. To, ina ga wanda zai dawo Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya hau kabu-kabu cikin iskar hunturu?

Abin da ya taimake ni, bisa shawarar likitan ido na nan gida, shi ne: hawayen roba na farmasi, irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, sau da yawa a yini; mai kauri kuma da dare. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi bisa fatar ido, domin ya narkar da man da ke hana hawaye saurin bushewa. Tabarau mai rufe gefe in za a fita. Kada fanka ta busa fuska kai tsaye. Mai aiki da kwamfuta ya riƙa ɗaga kai yana ƙifce, domin kallon allo yana rage shi. Kada a murza ido, a kuma jingine kwalli sai likita ya yarda. In abin ya ƙi, akwai maganin ɗigawa na siklosporin, akwai ɗan toshi da ake sa wa ƙofar da hawaye ke zurarewa, akwai ma maganin da ake tacewa daga jinin mutum kansa. Zafi mai tsanani, ko ruwan ƙwantsa, ko raguwar gani farat ɗaya, waɗannan na zuwa asibiti ne a ranar.

Babban haɗarin yana bakin hanya, a tiren masu tallar magani. Cikin kwalaben da suke sayarwa akwai masu kortizon, wanda ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana ɗigawa yakan kawo hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Saboda haka ina kira ga mai niyya: ya nemi a auna hawayensa tun kamin aikin, ya faɗi in yana da ciwon suga ko na gaɓoɓi, ya san likitan da zai riƙa duba shi in ya dawo, ya kuma kauce wa lokacin hunturu. Ina kira ga hukumomin lafiya su sa ido a kan maganin bakin hanya. Mu ƴan jarida kuma, in muka buga tallar aikin, wajibinmu ne mu buga abin da ke biyo bayansa.

Allah ya tsare mana ganinmu.