Taurin Bayan Gida: Abin Da Za Ka Faɗa Wa Likita

Yau maganarmu a kan wata larura ce wadda mutane ke jin nauyin ambatonta, wato taurin bayan gida da ya daɗe.

Da yawa daga cikinmu muna zuwa Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata saboda hawan jini ko ciwon sukari. Mu ga likita, mu karɓi magani, mu koma gida, ba mu ce masa komai ba game da cikinmu. A hanya kuma sai mu sayi maganin wankin ciki ko na basir wurin mai talla da lasifika.

Likitoci sun daɗe suna bincike kan wannan larura. A 2016 ƙwararru daga ƙasashe da yawa suka sabunta wata ƙa'ida mai ɗauke da sunan birnin Rum na Italiya. Ga manyan alamun da ta lissafa: fita bayan gida ƙasa da sau 3 a mako, yawan yunƙuri, bayan gida mai tauri, da jin kamar bai gama fita ba. Idan mutum yana da biyu daga cikinsu har wata 3, kuma abin ya faro aƙalla wata 6 da suka wuce, to larura ce mai bukatar likita. Ku lura, ba dole ne kowa ya fita kullum ba.

Tun a 1997 wasu likitoci biyu a Bristol ta Ingila suka buga wani jadawali da ya raba bayan gida iri 7. Iri na farko kamar kashin awaki yake. Shi ke nuna abinci ya daɗe a hanji. Don haka in likita ya tambaye ka kamanninsa, ba wasa yake ba.

Binciken ya nuna yawancin masu wannan larura ba su bukatar gwaji mai tsada. Tambayoyi, da taɓa ciki, da duba dubura da yatsa cikin safar hannu, wani lokaci da gwajin jini, sukan wadatar. Ashe amsarka ce rabin aikin. Kafin ka je, rubuta a takarda ranakun da ka fita na mako 2. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har na gargajiya. Maganin ƙarin jini da mata masu ciki ke sha yana taurara bayan gida. Haka ma tiramadol da kodin.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. Jini a bayan gida. Rama ba dalili. Ƙarancin jini. Canjin fita farat ɗaya ga wanda ya haura shekara 50. Ko kuma akwai wanda ya yi ciwon dajin hanji a danginku. Kada ka ce ai basir ne kawai. Ciwon dajin hanji yakan fara da irin waɗannan alamu, kuma wanda aka gano da wuri ya fi samun waraka.

A gida kuma, mu riƙa shan ruwa sosai, musamman lokacin zafi. Mu yawaita wake, zogale, kuɓewa, rama da gwanda. Mu riƙa taka ƙafa. In ciki ya motsa, kada a matse.

Ranar da ka sake zama gaban likita, ko bai tambaya ba, ka faɗa masa. Allah ya ba mu lafiya.