Bindigar aljihu: jawabi gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Maraɗi

Alhazai, iyayena da yayyena na kasuwa, ƴan'uwa ma'aikata, na gode da wannan gayyata.

Tambayar da aka aza mini ita ce: mai bin hanya da kuɗi, wace ƙaramar bindiga ta dace ya ɓoye cikin riga? Ban raina ta ba. Wanda ya san abin da mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka gani a hannun ɓarayin daji masu satar mutane, ba ya yi wa mai wannan tunani dariya.

Mu fara da lissafi, tunda ku ne gwanayensa. Libarba harsashi 5 ko 6 take ɗauka, kuma ba ta cika sarƙewa ba. Makarov ta Rasha tana ɗaukar 8. Dukansu biyu, a hannun wanda bai saba ba, gabansa na faɗuwa, in an wuce taku 10 sai dai sa'a. Mai tare hanya kuwa Kalashnikov gare shi, harsashi 30, tana cin mita 300, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Tun da rumbunan makaman Libiya suka watse a 2011, irinta ta ƙaru a Sahel. Alhajin da ya zaro bindigar aljihu a gaban irin waɗannan, ya jawo wuta bisa direba da fasinjoji gaba ɗaya. Amfaninta a ƙuntataccen wuri yake: ɓarawo guda a ƙofar kanti, ko a zaure da dare.

Sai doka. Riƙe bindiga ba tare da takardar izini ba laifi ne, ko da mai ita bai taɓa harbawa ba. Jandarma a shinge ba ya tambayar niyya. Ƙasar nan ta san tsadar makamai a hannun kowa: a 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a ranar 25 ga Satumba 2000 kuma aka ƙone bindigogi fiye da 1000 a Agadas. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta gindaya wa mai neman izini sharuɗɗa: dalili karɓaɓɓe, horo, wurin ajiya, da jiran kwana 21 aƙalla. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ni dai ban ga aibun kwanakin nan 21 ba. Fushi da yawa ba ya kai mako uku. Ko da izini, ranar da aka harba, alƙali ne zai auna ko kare kai ne ko wuce gona da iri.

Wanda ya samu takarda, to ya nemi kube mai tauri wanda ke rufe kunama, ya ɗaure a ƙugu. Na taɓa ganin wani dattijo ya jefa tasa cikin aljihun babbar riga tare da makullai da goro. Na matsa gefe. Babbar riga tana ɓoyewa sarai, sai dai kafin hannu ya ratsa ta, mai wuƙa ya iso. Wannan sai da horo a kai a kai, harsashi kuma kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne gida. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na maƙwabta, kuma babu ƙarƙashin matashin da ba su sani ba. Bindiga a akwati mai kwaɗo, harsasai a wani wurin daban, makulli a jikin maigida. Alhaji, in akwai rigimar gado ko ta kishiyoyi a gidan, a bari sai ta lafa kafin a kai takardun neman izini.