Minti Biyar Bayan Salla, Minti Biyar Bayan Sujada

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin lafiya, ya yi a taron shirin damana da aka yi a Gaya, gaban limamai, shugabannin majami'u da wakilan unguwanni.





An ce in yi magana a kan lafiya. Ba zan tsaya lissafa cututtuka ba, kun san su kamar yadda na san su. Roƙo ɗaya na zo da shi, amma bari in soma da abin da ya sa nake yin sa.

Wata damana, ina bakin aiki, aka kawo mini yaro ɗan shekara biyu daga wata tungar masunta. Kwana uku yana masassara, har ya soma suma. Muka yi abin da za mu iya, Allah ya karɓi abinsa kafin asuba. Da na tambayi uwar ko yaron ya sha maganin rigakafin da aka raba a watan, sai ta dube ni, ba ta gane ba. Baƙuwa ce daga ƙetaren kogi, Hausarta kaɗan, Dandancinta kaɗan. An yi shela a gari, an faɗa a rediyo, amma ba da harshenta ba. Na ce mata, ina kike zuwa ibada? Ta ce duk ranar Lahadi tana majami'a, ba ta fashi. Ashe akwai inda za a same ta kowane mako, mu ne ba mu je ba.

Jama'a, Gaya mahaɗa ce. Ga Malanbil a ƙetaren kogi, ga Kamba ta wajen Najeriya. A nan akwai Dandawa, Kyangawa, Zabarmawa da Hausawa. Akwai Fulani a rugage, Sarkawa a tungaye, da baƙi ƴan Benin, Togo da Najeriya da neman abinci ya kawo. Da aka rufe gada a 2023, mutane ba su daina ƙetarewa ba, jirgin ruwa suka koma. Cuta ma haka take, ba ta nuna takarda a kan iyaka. Kuma wanda take fara kamawa shi ne wanda labari bai kai gare shi ba: mai zama a gefen gari, mai jin nauyin shiga asibiti don ba ya jin harshen da ake yi a ciki.

Irin wannan mutum, ko bai san ƙofar likita ba, ya san ƙofar masallaci ko ta majami'a. Can yake jin magana da harshensa, daga bakin wanda ya yarda da shi.

Mun ga ƙarfin wannan baki. A 2003 aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Nijar. A 2004 aka koma yi, daga baya sarakuna da malamai suka shige gaba, har a 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Bakin da ya rufe ƙofa, irinsa ne ya buɗe ta.

Kada kuma wani ya ce cuta ba ta ƙarewa. Dattawa sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damana. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. A watan Janairun 2025 ta sake shaida cewa Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan kogi ke kawowa. Duk wannan sai da mutanen ƙauye suka ji, suka yarda, suka bi.

To ga roƙona. Kowane masallacin Juma'a, kowace majami'a, kowace makarantar Islamiyya ta mata da kowane taron zumuntar mata, a ba lafiya minti biyar a mako. Ba huɗuba za a taɓa ba, ba wa'azi ba. Bayan an idar, mutum ɗaya ya miƙe ya faɗi abu ɗaya, wani ya maimaita da harshen waɗanda ke wurin. Ga abubuwa huɗu da za a riƙa juyawa.

Na ɗaya, masassarar cizon sauro. Yankinmu ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga fadamu, ga gonakin shinkafa, don haka sauro ya fi yawa. Shi ya sa a watan Satumban 2024 a nan Gaya aka ƙaddamar da allurar rigakafin wannan cuta ta ƙasa baki ɗaya. A faɗa wa uwaye allurar sau huɗu ce, ɗaya ba ta isa, kuma ba ta maye gurbin sange. Maganin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 a watannin damana, na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko masu rabo ke bayarwa, na sauran kwana biyun yana hannun uwa.

Na biyu, zawo da amai. A 2021 kwalara ta shiga jahohi da dama, har da tamu ta Dosso. A tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, a wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci. In zawo ya kama mutum, a ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida. In babu na ƙunshi, a samu ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yana sha ana tafiya da shi asibiti.

Na uku, sanƙarau. A 2015 ya kama mutum sama da 8,000 a Nijar, sama da 500 suka rasu, kuma Dosso na cikin inda ya fi tsanani. Lokacinsa daga hunturu zuwa saukar ruwa. Zafin jiki da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba a kwana da su a gida.

Na huɗu, ambaliya. Mun ga ta 2020, mun ga ta 2024. Kowane liman da kowane shugaban majami'a ya san tsofaffinsa, masu juna biyu, da gidajen da ke bakin ruwa. A rubuta su tun yanzu, a san inda za a kai su da wanda zai kai su. Rijiyar da ruwa ya shafe, kada a sha sai an gyara ta.

Wani zai ce wurin ibada ba asibiti ba ne. Gaskiya ne. Ba mu ce malam ya rubuta magani ba, ba mu ce fasto ya yi allura ba. Kiran mutane zuwa ga likita kawai muke nema. Addu'a tana wurinta, magani yana wurinsa, babu mai korar wani.

Ga abin da nake so mu tashi da shi yau. Kowane wurin ibada ya ba da mutum biyu, namiji da mace, masu jin harsunan jama'arsu. Ƙungiya ta haɗa su da ma'aikatan asibiti mafi kusa, su koyi abin da za su faɗa, don kada a ƙara ko a rage. Ƴan'uwanmu na Tanda, Tunuga, Bana, Bengu da Yelu su kai wannan magana gida. Rugage da tungayen da ba su da masallacin Juma'a, a same su ranar kasuwa, ko wurin suna da ɗaurin aure.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rijiya ɗaya muke sha da baƙon nan, sauro ɗaya ke cizonmu. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, kada wakili ya fita bai ba da sunayen mutanensa biyu ba, ko ranar da zai kawo su.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuri'a.