WAƘA A BAKIN MAI ITA TA FI DAƊI: MATASANMU DA LABARINMU

(Jawabin da Kwamitin Ilmi da Matasa ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan)



Mun nemi a ba mu 'yan mintoci ne don mu yi magana a kan wani abu da ke aljihun kusan kowa a wurin nan, wato wayar hannu mai ɗaukar hoton bidiyo. Iyaye da dama sun sha kawo mana kuka cewa wayar nan ta ɗauke hankalin yara, ba karatu, ba kasuwa, sai kallo. Kukan nan yana bisa hanya. Amma tunda abin ya riga ya shigo hannunsu, shawararmu ita ce mu ba su aikin yi da shi, aikin kuwa shi ne ba da labarinmu, mu Hausawa mazauna Kurmi.

Jama'a, tun shekarar 1916 aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo, yau fiye da shekara 100 ke nan. Sun kawo shanu, sun kai goro Arewa, sun yi gidaje, sun yi aure, sun haife mu a nan. To, wa ya ba da labarinsu? Sanannen littafin da aka yi a kan Sabo, wani masani ne daga ƙasar waje mai suna Abner Cohen ya wallafa shi a 1969, da Turanci, bayan ya zauna cikin iyayenmu ya ga yadda ake cinikin goro da shanu. Ya yi ƙoƙari. Amma mu nawa ne a nan muka taɓa ganin ko bangon littafin?

Haka kuma a garin nan aka fara buɗe gidan talabijin a duk Nijeriya, wato WNTV, ranar 31 ga Oktoba, 1959, zamanin da Cif Obafemi Awolowo yake Firimiyan Jihar Yamma. Mun daɗe muna maƙwabtaka da talabijin ke nan. Amma ku tuna da kyau, yaushe ne ƙasa baki ɗaya take ganin fuskokinmu a akwatin? Shagamu a watan Yuli na 1999. Idi-Araba a Legas a watan Fabrairu na 2002. Mile 12 a watan Maris na 2016. Kasuwar Shasha a nan Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Hayaƙi, gudu, mata da yara da ƙullin kaya a ka. Da ƙura ta lafa sai masu kamara su naɗe kayansu su tafi. Ba safai ake dawowa a nuna mahaucin da ya shekara 30 yana ciniki da maƙwabcinsa Bayarabe ba tare da ko cacar baki ba, ko 'yar Sabo da ta gama jami'a tana aikin jinya.

Wani zai ce ai muna da finafinan Hausa. Gaskiya ne. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 harkar take bunƙasa, ga kuma tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Muna kallo, muna jin daɗi. Sai dai galibi rayuwar Kano da Kaduna da Jos ake nunawa. Yaron da aka haifa a Sabo, wanda yake Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turanci a makaranta, a nan a kira shi Gambari, in ya je ganin dangi a Arewa a ce ga ɗan Kurmi ya zo, shi ina labarinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In bai faɗa da bakinsa ba, babu mai faɗa masa daidai.

A da, wanda zai yi fim sai ya nemi babbar kamara da kaset da ɗakin tacewa, kuɗi masu yawa. Wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasar nan a 2001, ta yi ta canzawa har ta kai yanzu da ita ake ɗauka, da ita ake yankewa a haɗa, da ita ake aikawa. Kayan aiki sun samu. Abin da ya rage shi ne tarbiyya da jagora, don haka muke kawo shawarwari guda huɗu.

Na farko, koyarwa. Cikinmu akwai masu ɗaukar hoton biki da suna da suka san aikin nan, muna roƙonsu su ba mu yini ɗaya a mako. Abubuwan ba su da wuya. A kwantar da waya a ɗauka, kada a tsayar da ita, domin fuskar talabijin a kwance take. A sa haske ya bugi fuskar mai magana, kada ya zamo a bayansa. A matsa kusa da shi, a nisanci janareta da bakin titi, domin mutane kan haƙura da hoton da bai fita sosai ba, amma ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Kuma yaro ya san abin da yake son faɗa kafin ya danna, ya faɗe shi cikin minti 3 zuwa 5.

Na biyu, abin da za a ɗauka. A fara da dattawanmu tun suna raye. A tambaye su daga wane gari suka taso, a wace shekara, a gidan wa suka sauka. A je kara a ga aikin dillali. A nuna yadda ake zaɓen goro a jera ganye a ɗaure huhu. Mata masu sana'a a cikin gida, 'yan matanmu ne za su shiga wurinsu, saboda haka kada a bar su a baya wajen koyo. Sannan a bar matasa su faɗi nasu, ko da ba zai yi mana daɗin ji ba: rashin aiki, shaye-shaye, wahalar da suke sha wajen neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Iyaye, a nan sai mun daure. Wanda aka ce ya yi magana, sai a saurare shi.

Na uku, ƙa'ida, kuma wannan ita ta fi muhimmanci. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa, yaro ƙarami kuwa sai da izinin iyayensa. Kowane hoto a faɗi ranar da aka ɗauke shi da wurin. Wanda ba mu san asalinsa ba, kada mu tura wa kowa. Mun ga yadda rikicin Shagamu ya jawo ramuwa a Kano cikin 'yan kwanaki, a lokacin ko wayar salula ba ta yaɗu ba. Yau hoto ɗaya na tsohon rikici, in aka ce na jiya ne, zai isa Sakkwato kafin a tashi daga taron nan. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta saurin kama wuta, kuma mu da ke zaune a nan mu za mu fara jin zafinta.

Na huɗu, inda za a nuna. A fara da gida: wata-wata a kafa farin ƙyalle da dare, kamar majigin da, kowa ya zo ya gani ya yi gyara. Wanda ya yi kyau a rubuta fassarar Yarabanci ko Turanci a ƙasansa, domin maƙwabtanmu su ne suka fi cancanta su san mu. Daga nan a sa a YouTube da Facebook da sunan ƙungiya, a kuma tura wakilai gidajen talabijin na garin nan su ji sharuɗɗansu da kuɗin sayen fili. A kula, kada a ɗora waƙar wani a kan hoto ba da izininsa ba, don tana iya sa a ƙi karɓar aikin.

Alhazanmu 'yan kasuwa, abin da muke nema gare ku bai taka kara ya karya ba: ƙananan makirfo na maƙalawa a riga, abin ɗora waya mai ƙafa uku, ma'ajiyar da za a adana hotuna don kada su ɓace in waya ta lalace, da ɗaki guda mai wutar lantarki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa kuma, maza da mata, duk mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin ya fita.

Dattawan da suka san farkon zaman nan suna ta raguwa, kowane ya tafi da abin da ya sani ya tafi. Mu hanzarta.