Indiya da Amurka: Ƙawancen da Sin Ta Ƙulla

A 1998 Indiya ta gwada makaman nukiliya a Pokhran, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi. Bayan shekara goma, sai ga su sun ƙulla yarjejeniyar nukiliya ta samar da lantarki. A 2016 Amurka ta ayyana Indiya babbar abokiyar tsaro, yau kuma jiragen P-8I ƙirar Boeing ke yi wa Indiya sintiri a teku. Fargabar ƙarfin Sin ce ta haɗa su.

Amma Indiya ba ta saki Rasha ba, tana sayen makamanta da man feturinta.

Duk da haka, harajin kashi 50 cikin ɗari da Shugaban Amurka Trump ya ɗora wa kayan Indiya a Agustan 2025 babban kuskure ne. Cikin 'yan kwanaki aka ga Firaministan Indiya Modi a birnin Tianjin na Sin tare da Putin na Rasha da Xi Jinping na Sin.