KWAL, GAWAYI DA WUTAR LANTARKIN MUBI

(Jawabin da aka karanta wa taron 'yan kasuwa da masu sana'a a Mubi)



Duk ran da aka ɗauke wuta a Mubi, sai a ji wasu suna cewa, ƙasar da Allah ya ba kwal, me ya hana ta ƙona shi ta huta? Tambayar tana da kan gado, amma kuma tana da tarihi.

Cikin 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu. Shi ya riƙa jan jiragen ƙasa, a mahaƙarsa ta Iva Valley kuma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe lebura 21 ran 18 ga Nuwamba, 1949. A 1956 aka buɗe tashar lantarki ta Oji River mai ƙona kwal. Daga baya jirgin ƙasa ya koma shan dizal, Yaƙin Basasa ya tsai da haƙa, aka kuma gama madatsar Kainji a 1968. Tashar Oji ta mutu. Yau wutar babban layin ƙasa daga iskar gas da ruwa take fitowa.

Lalle kwal bai yi wa Adamawa nisa ba. Ana haƙarsa a Maiganga ta Jihar Gwambe domin kamfanin siminti na Ashaka. A Jumhuriyar Nijar ma, tashar kamfanin SONICHAR da ke yankin Agadas ta fara ba da wuta a 1981. Amma fa ita tana da mai saye a kusa, watau mahaƙan yuraniyam na Arlit.

Tashar kwal kuwa tana cin kuɗi da ruwa masu yawan gaske, ga shi masu ba da rance sun juya baya. A Satumba 2021 shugaban ƙasar Sin, Xi Jinping, ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasarsa ba za ta ƙara gina irin waɗannan tashoshi a waje ba. Cikin Nuwambar shekarar, a Glasgow, Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shafewa kafin 2060. Masu cewa Turawa sun ƙona kwal sun yi arziki sannan suka dawo suna wa'azi, gaskiya suka faɗa. Sai dai gaskiyar ba ta biyan ɗan kwangila.

A ce ma an gina tashar, ta ina wutar za ta iso? A Oktoba 2024 manyan layuka suka lalace, yawancin Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Mubi kuwa tana can ƙarshen waya, gab da iyakar Kamaru.

Abin da garin nan yake ƙonawa shi ne fetur a janareta, wanda ya yi tsada tun da aka janye tallafi a Mayu 2023, da kuma gawayi da itacen da ake sarowa daga daji. Waɗannan su ne ya kamata a sauya tukuna. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Saboda haka hanya a buɗe take ta kafa ƙananan tashoshin hasken rana a kasuwa da asibiti. Tela da mai sayar da ƙanƙara za su amfana nan da nan. Mai walda da mai injin niƙa kuwa sai an yi musu lissafi dabam, gama injinansu suna jan wuta da ƙarfi, batir kuma ya fi faifan tsada, shi ne kuma yake riga shi mutuwa.